Yadda Dutsen Kaushi Ya Cinye Mini Gona

Ƙasarmu ba ta da dutse. Wanda bai taɓa bi ta tsakanin Mayahi da Kanambakashe ba zai ce gishiri nake ƙara wa zance, amma a garinmu ko kare ya ɗauke maka nama, sai dai ka jefe shi da takalminka ko da baƙar magana. Rairayi ne tun daga ƙofar gida har inda ido ya gaji. Murhunmu curin laka ne. Dutsen niƙa saye ake yi wurin fataken kudu, kuma in tsohuwa ta rasu shi ake fara tambaya kafin a tambayi akuya. Wannan ita ce ƙasar da gwamnati ta aiko wa da saƙo cewa ta tara duwatsunta.

Ba a daɗe da samun ƴancin kai ba a lokacin. Ina da ƴaƴa biyu a ƙasa, ɗaya a baya. Manyan Yamai sun zauna sun ga bai dace ƙasa mai tutar kanta ta dogara da gyaɗa kaɗai ba, dole akwai wani arziki a cikin cikinta wanda Nasara ya ɓoye ko ya manta. Sai ga gardin gwamnati a kan doki daga Mayahi, da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Ya ce kowane mai gari ya tara duk irin dutsen da ke ƙasarsa, ya faɗi inda aka tsinci kowanne, za a kai a gwada.

Mai garinmu wan mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne babban gandunmu. Yaya nake ce masa, amma a bayan idonsa. A gabansa ba na ce masa komai, domin a wurinmu matar ƙane ba ta ɗaga ido ta dubi wan miji, balle ta yi masa zance. Dogon mutum ne mai son a ce ya iya da hukuma. Wani zai ce wa gardi ya koma ya ce ba mu da dutse, a wuce wurin. Amma Yaya ya ji labarin mai garin da ke gaba da mu ya cika taiki guda, kuma a garinmu ko almuru ya yi wa baƙo ba a sallamarsa hannu rabbana, balle gwamnati sabuwa dal.

Aka bazama nema. Aka samo ɓarin dutsen niƙa na wata tsohuwa, da marmarar da masu haƙar rijiya suka fito da ita tun zamanin kakanni, da kashin maƙera daga kufai inda aka taɓa narka tama. Liman ya ɓoye dutsen taimamarsa cikin gafaka ya ce ya ɓata. Da aka zube abin da aka samu a kan tabarma bai cika ƙwarya ba, kuma duk baƙaƙe ne da jajaye, babu wanda mutum zai aika wa gwamnati ya ɗaga kai. Nan ne matar Yaya, faccalata, ta tuna da nawa.

Farin dutse ne kamar curin gishiri, ya cika tafin hannu, da wani siririn zare rawaya a jikinsa. Kawuna ne ya zo wa uwata da shi daga cin rani a ƙasar Ingila, yadda muke kiran maƙwabciyarmu da Turawan Ingila suka mulka, can kudu inda ya ce ya ga mutane suna fasa duwatsu suna wanke garinsu. Uwata ta sa mini shi cikin kayan ɗaki. Aikinsa ɗaya ne: yana zaune a makewayi kusa da kaskon wanka, ina goge kaushi da faso da shi. Faccalata ta san haka sarai, domin rabin laushin dunduniyarta a jikinsa ta same shi. Ina gona ta shiga ta ɗauka. Da na dawo na tambaya ta ce an kai wa gwamnati, ta faɗa tana jiran in yi guɗa.

Saura faɗin inda aka tsince shi. Yaya ba zai ce wa gardi daga makewayin matar ƙanensa ya fito ba. Ko a zuciyarsa ba zai yarda ya san tana da makewayi ba. Ba zai kuma nuna gonarsa ba, don tun zamanin aikin tilas mutanenmu sun koyi cewa duk abin da ka nuna wa hukuma da yatsa, ka yi ban kwana da shi. Sauran maza ma kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Sai aka duba aka ga akwai gonar da in ta tafi babu namijin da zai yi asara. Yaya ya ce an tsinci dutsen a gamanata.

Gamana ita ce ƴar gonar da ake yanka wa mace daga gandu, ta noma a ranakun da ba a aikin gandu, abin da ta samu nata ne. Tawa ba don ƙauna aka ba ni ita ba. Matacciyar jigawa ce, ko ƙarangiya sai ta yi shawara kafin ta fito. Ni na raya ta. Tokar murhu, kashin awaki, sharar tsakar gida, duk a kaina suka je can, kwando-kwando. Da rani nakan shirya da wata ƙawata Bafillatana, mijinta ya kwantar da shanunsa a ciki, ni kuma in biya da hatsi da ƙuli-ƙuli. Kafin a yaye ɗana na biyu gyaɗar gamanata ta fi ta gandu ƙwaya. Daga ita nake matse mai in kai kasuwar Kanambakashe, daga ita nake ɗinka wa yara, daga ita nake zuwa biki ba tare da na miƙa wa kowa hannu ba. Ina son gonar nan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

A ranar na gaya wa maigidana abin da aka yi. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, irin kirkin da ba ya hana komai faruwa. Ya ce in yi shiru kada in kunyata Yaya, ai gwamnati ba ta taɓa duba abin da aka aika mata ba. Na yi shiru, na koma goge ƙafa da tsingaro.

Sau ɗaya gwamnati ta duba abin da aka aika mata, kuma a kaina ta fara. Da bazara ta kusa gardin nan ya dawo, wannan karon har sauka ya yi daga doki kafin ya yi sallama. Ya ce duwatsun da aka tara daga Tasawa har Mayahi duk tarkace ne, ban da guda: farin dutsen garinmu akwai zinariya a cikinsa. Za a turo ma'aikaci ya duba wurin.

Ranar na ga yadda tunanin maza ke dawowa. Waɗanda suka sunkuyar da kai da kaka, kowa ya tuna kakansa ne ya sare dajin wurin. Yaya bai bari zancen ya yi nisa ba. Ya tara ƴan gandu a zaure ya tuna musu abin da kowa ya sani, cewa gamana aro ce ba kyauta ba, kuma mai abu in ya bukaci abinsa yana karɓa. Ni ba a kira ni ba, ta bakin maigidana aka aiko mini. Ya shigo yana kallon ƙasa ya ce Yaya ya ce an gode da riƙo, za a yanka mini wata a bayan gari.

Na ce ya je ya gaya wa wansa ko dutsen mene ne. Ya je har ƙofar zaure ya dawo. Da na matsa masa, sai ya dube ni a hankali ya ce:

“Kin tabbata ba can kinka tsince shi ba, kinka mance?”

Dutsen da yake gani a makewayinmu tun ina amarya ke nan. Na je wurin faccalata in ce ta yi shaida, ta ce ita dai a ganinta duwatsu suna kama da juna. Ta riga ta fara zancen zuwa Makka.

Ma'aikacin ya zo a kamyo, babbar motar kaya, ana gab da shuka. Mun zaci Nasara za mu gani, sai ga wani siririn Badamagare da gajeren wando da hular kwano, wanda ya yi lakkwal, wato boko, har ƙasar waje ya koyo sanin duwatsu. Mushe muke ce masa, yadda ake ce wa duk mai gajeren wando. Ya zo da leburori, da akwatin kwalabe, da wata baƙar tasa mai faɗi. Ya tsaya a tsakiyar gamanata ya dubi gabas ya dubi yamma, ya sa ƙafa ya tone rairayi, ya yi ɗan tsaki. Daga nan ya sa aka ja igiya aka fara haƙa ramuka a jere, daidai inda takina ya fi kauri.

Aikinsa na bukatar ruwa, rijiyarmu kuwa mai zurfi ce, sai hannu ya yi kanta kafin guga ya fito. Yaya ya ce matan gari za su taimaki gwamnati. Haka na sami kaina ina ɗauko tulu zuwa gonar da aka ƙwace mini, don a wanke mata ƙasa. Mushe yakan ɗebi ƙasar rami ya zuba a tasar, ya sa ruwa, ya yi ta juyawa yana zubarwa. Rege ne irin wanda kowace mace ke yi wa gero, sai dai mu in mun gama akwai abin dafawa. Shi abin da ke rage masa ɗan baƙin gari ne a gindin tasa. Sai ya kawo mayen ƙarfe ya ɗauke shi, ya duba ragowar da wani ƙaramin madubi da yake liƙawa a ido, ya girgiza kai, ya ce a kawo ta rami na gaba.

Mutanen gari ba su bar shi cikin kaɗaici ba. Duk abin da ya yi ƙyalli a rana an kawo masa, ni kuma ina tsaye da tulu na koyi aikin a banza. In ƙyalƙyali ne mai ɓare-ɓare, ya danna da allura ya farfashe, ya ce zinariya ba ta fashewa, lotsawa take yi kamar dalma. In ɗan curi ne, ya karce shi da wuƙa, ya goga a farin tangaran ya ga launin zanen, wani kuma ya ɗiga masa ruwan wata kwalba ya ga ko zai yi kumfa. In ƙarfe ne, yana da wani ɗan baƙin dutse mai santsi. Ya goga ƙarfen a kai ya bar zane, ya ɗiga wani ruwa mai hayaƙi. In zanen ya tsaya zinariya ce, in ya ɓace, to, Allah ya ba da haƙuri. Da mata suka gane haka sai suka fara zuwa da ƴan kunne da zobban da mazansu suka sayo musu a Tasawa bayan an sayar da gyaɗa. Zane bayan zane yana ɓacewa. An yi kwanakin da tuwo bai yi daɗi a gidaje da yawa ba, har maza suka roƙi Yaya ya gaya wa Mushe ya tsaya kan aikin da ya kawo shi.

Wata rana da hantsi leburori sun tafi cin abinci, na ajiye tulu na tambaye shi yadda aka yi aka san akwai zinariya a dutsen. Ya ji daɗi an tambaye shi. Ya ce an daka rabinsa ya zama gari, aka haɗa da dalma da wasu magunguna aka narka a wuta mai tsanani. Dalma ta kwashe zinariyar ta zauna a ƙasa. Aka sake ƙona dalmar a wani ɗan kasko na toka mai shanye ta, sai ga ɗan ɗigo rawaya ya rage, bai kai ƙwayar riɗi ba. Ya ce ga dutse mai wannan girman, hakan ba kaɗan ba ne. Sannan ya rage murya ya ce abin da ke damunsa shi ne, irin wannan dutsen a jikin manyan duwatsu yake fitowa, nan kuwa ko an haƙa har an tarar da ruwa, rairayi ne da laka da ƴar marmara. Kuma gefe ɗaya na dutsen ya sha guga, irin gugar da ba ruwa ne ya yi ta ba, ba kuma iska ba.

Na ce masa: “Ƙahwata ce, Mushe.”

Ya ce: “Mi?”

“Dutsen kaushina ne. Daga Ingila kawuna ya zo da shi. Gonar ga tawa ce, kuma ban taɓa tsintar ko tsakuwa cikinta ba.”

Ya zauna a bakin rami ya yi dariya har ya cire hula yana share ido. Da ya ga ni ba dariya nake ba, ya daina. Ya ce an ƙayyade masa ramukan da zai haƙa, dole ya cika su, domin in ya koma Yamai ya ce wata mata ta ce ƙafarta ce, shi za a ɗiga wa ruwan kwalba. Amma ya yi alkawari ranar tafiya zai faɗa wa gari gaskiya a bainar jama'a, in ni ma zan faɗi tawa.

Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka. Kowa ya fita da iri. Ni na tsaya a gefe ina kallon ruwa yana cika ramuka a ƙasar da na yi shekaru ina ciyarwa, na yi kuka, kuma ba a ɓoye ba. Wadda aka yanka mini a bayan gari na shuka ta don kada a ce na raina kyauta. Gyaɗar ta fito, ta ga inda take, ta koma.

Ranar tafiya aka taru a ƙofar gidan Yaya, maza a kan tabarmi, mu mata a bayan darni. Mushe ya tashi ya ce ya wanke ƙasar kowane rami bai ga ko ƙurar zinariya ba, kuma dutsen ba ɗan ƙasar nan ba ne. Sai ya waiwayo wajen darni. Ban san lokacin da na fito ba. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa yi wa Yaya magana ba in ba gaisuwa ba, ita ma daga nesa. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga kawuna har zuwa makewayi da kaushi. Na ce a tambayi matarsa.

Maza suka sunkuyar da kai. Na zaci kunya ce ta kama su. Yaya ya gyara zama ya shafa gemu. Bai dube ni ba, maza ya duba.

“Kun ji ko?” ya ce. “Macen da ba ta taɓa ɗaga ido gabana ba, yau ta hito cikin maza tana zancen makewayi. Don jigawa za ta yi haka? Wanda ya san abin da ad da akwai, shi ka rantsuwa babu komi.”

Maza suka gyaɗa kai, kowa ya ga hikimar. Mushe kuwa, ba su bari ƙurar kamyonsa ta kwanta ba suka warware maganarsa. Yaushe gwamnati ta taɓa ganin arziki ta yi shela? Ai dole ya ce babu, su koma su shirya su dawo da injuna. In da gaske babu komai, me ya sa ya yi ta haƙa har ruwa ya sauka?

Yaya ya sa aka kewaye gamanata da ƙaya. Ba a shuka ta, domin mai noma yana iya cin karo da abin da ba rabonsa ba, kuma shuka ta tamkar yarda ne cewa matar ƙane ta fi shi gaskiya. Kowane rani, da an kai amfanin gona rumbu, shi da ƴaƴansa maza sukan shiga da dagi da ƙorai, suna rege yadda suka ga Mushe na yi. Gwamnati ba ta dawo ba, wannan kuma ya ƙara tabbatar musu da girman abin. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma na Yaya ya wuce tsayin mutum, kuma kowace shekara sai an haƙa masa ƙannai.

Shekarun nan kuwa su ne shekarun gyaɗa na gaske. Buhuna sun yi tsibi a Tasawa, kamyo na shiga na fita. Sa'o'ina mata suka cika ɗakuna da kwanoni da tasoshi, wasu suka sayi tumaki, wata har saniya. Ni na koma sayen gyaɗar wasu ina matsewa, ribar ba ta wuce ƙuli-ƙulin da yara za su tauna ba. A kasuwa ana nuna ni da baki, wai ga matar da ta san inda zinariya take ta ƙi faɗa. Akwai masu gaishe ni da girmamawa saboda haka. Wani mai duba ya biyo ni har gida ya ce mu haɗa sani mu raba. Maigidana ya rasu a tsakiyar shekarun nan yana ba ni haƙuri, kuma cikin abin da ya bari haƙurin ne kaɗai ba wanda ya yi mini gardama a kansa. Na zauna a gidan da ƴaƴana.

Sannan fari ya zo, gyaɗa ta yi ciwo ta bar ƙasar, ma'aunan Tasawa suka yi tsatsa. Yaya ya tsufa, ya kwanta ciwon ajali.

Wata rana da azahar aka ce yana kirana. A al'adarmu mai shirin tafiya yakan kira waɗanda ya zalunta ya nemi gafara. Saboda haka na yi wanka na ɗaura zanen kirki, ina tafe ina shirya yadda zan yafe masa ba tare da saurin da zai rage wa abin daraja ba. Na tarar da shi a gadon kara ya zama ƙashi da fata, babban ɗansa na zaune a gefe. Ya sa aka fitar da kowa ban da ɗan. Na durƙusa a bakin ƙofa, karon farko kuma ya dube ni sosai.

“Ƙanwata,” ya ce, “ni tahiya ta zo. Tsakaninki da Allah, wane gehe kinka tsince shi?”

Na buɗe baki zan sake faɗin abin da na faɗa a gaban gari, na faɗa a kasuwa, na faɗa wa duk mai kunne. Sai na dubi idonsa na ga ba tambaya yake ko akwai ba, wannan ya wuce ta tuntuni. Gaskiyar nan shekara da shekaru ina faɗinta, ba ta kawo mini ko dami ɗaya ba.

Na ce: “In na hwaɗi, mi za a ba ni, Yaya?”

Ya yi murmushi irin na wanda a ƙarshe ya ji magana mai ma'ana. Ya ce gefen da babu komai nawa ne, ni da ƴaƴana, ba aro ba, ga ɗansa nan shaida.

Na san gonata kamar yunwar cikina. Yamma ce kwari, nan ruwa ke kwanciya, nan shanu suka fi kwana, kuma ramuka ba su yi yawa a wurin ba.

“Gabas,” na ce. “Can wajen iyaka.”

Ya lumshe ido ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce dama nan ransa ya ba shi. Sannan ya ɗaga hannu da ƙyar.

“Kin wahal da mu, ƙanwata. Amma na yahe miki, duniya da lahira.”

Na ce na gode. Me zan ce? Bai kai Juma'a ba.

Aka cire ƙaya daga rabin yamma. Ni da ƴaƴana muka cike ramuka, na shuka gero da wake, domin gyaɗar da na yi wa tanadin wurin ba ta nan kuma, ƙarfin da na yi tanadin da shi ma ba ya nan. Ƙasar ta huta, ta ba da abin da ya sawwaƙa. A rabin gabas kuwa ɗan Yaya ya ci gaba da haƙa, da wasiyyar uba a kansa. Ina amarya yaron nan yana rarrafe, a bayana ya sha barci. Ga shi yanzu magidanci da ƴaƴa, sa'o'insa sun je Ingila sun dawo da keke da rediyo, shi yana cikin rami. Wata kaka ina roron wake na ji tarinsa daga ƙasa, tausayi ya kama ni har ban iya ci gaba ba. Na je bakin ramin na ce ya ɗago ya saurare ni. Na rantse masa da Allah babu komai a wurin. Na ce ubansa na gaya wa abin da yake son ji don in karɓi gonata. Na ce ya cike ramukan, ni zan ba shi iri.

Ya saurara har na gama, da ladabi, yana share zufa da gefen riga. Sannan ya yi ƴar dariya.

“Inna ke nan,” ya ce. “Har yanzu ba ki daina ba. Nan daidai ne, ko in ƙara gaba?”

Na dube shi, na dubi ƙasar da yake watsowa tana gangarowa kan wakena.

“Ƙara gaba,” na ce. Na koma na ɗauki ƙwaryata.